Daga Kumbotso zuwa firjinki

Uwargida, wutar da ke kunna firjinki a Kano sai ta biyo ta Kumbotso. Can babbar tashar TCN take. Wuta na isowa daga Kaduna da ƙarfin kilobolt 330, manyan taransifoma su sauke ta zuwa 132, ta gangara ƙananan tashoshi, sannan KEDCO ta raba wa unguwanni.

Sauya taransifoma a irin wannan wuri ba aikin yini guda ba ne. Nauyinsa kaɗai ya haura tan 100, ga tace mai, ga gwaje-gwaje, kuma dole a kashe wani ɓangaren tashar. Ni dai gara min ɗaukewar da aka sanar da ita da duhun Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe kwanaki babu wuta.

In kin ji sanarwa, ki shirya. Firji a rufe yana riƙe sanyi kusan awa 4, don haka ki hana yara buɗe-buɗe. Nonon da kika tatsa kada ya wuce awa 4 a waje. Insulin ɗin Baba kuwa, ƙulle shi a leda ki saka a randa.