Manyan tayoyi a motar da aka ɗaga: Lissafin da masu Hilux da Land Cruiser ke tsallakewa

Da zarar damina ta kankama, hanyoyin karkara kan fara tona asirin motoci. A ƙasar firgi da ke wajajen Dikwa da Ngala a Jihar Borno, laka kan riƙe mota har ta zauna a kan cikinta. A hawan tsaunin Mambila daga Serti zuwa Gembu, duwatsu da zaizayar ruwa ne ke jiran direba. Idan rani ya shigo kuma, rairayin Yusufari a Yobe da na hanyar Agadez zuwa Dirkou a Nijar su karɓi aikin.

Wannan ne ya sa masu motocin da ke jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da Prado, ke yawan kai su wajen makanikai a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, domin a ɗaga su a kuma saka musu ƙattin tayoyi. Wasu buƙata ce ta kai su: manoma, 'yan kwangila, ma'aikatan agaji da masu jigilar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Wasu kuwa ƙwalisa ce kawai, motar ta yi kwarjini a titi.

Ko wace ce niyyar, kowane inci da aka ƙara wa taya yana da abin da yake bayarwa, yana kuma da abin da yake karɓewa a birki da giya da mai da daidaiton mota. Mai motar da bai yi wannan lissafin kafin ya biya kuɗi ba, a kan hanya zai yi shi.

Ɗaga mota daban, tsawon taya daban

Ana ɗaga mota ta hanya biyu. Ta farko ita ce a saka ƙananan tubala tsakanin bodi da shasi, sai bodin ya tashi, shasin yana nan inda yake. Ta biyu ita ce a canza sifirin da shok abzoba zuwa masu tsawo, sai shasin da bodin su tashi tare.

Sai dai akwai abin da duka biyun ba sa taɓawa. A bayan Hilux, aksil sanda ɗaya ce da ta haɗa tayoyin biyu, a tsakiyarta kuma akwai tulun giya, wanda yana cikin sassan da suka fi kusa da ƙasa. Ko da an ɗaga motar inci huɗu, wannan tulun yana nan a tsayinsa na da, kuma shi ne ke fara dukan dutse ko tudun da ke tsakanin sawun manyan motoci. Taya mai tsawo ce kaɗai ke ɗaga shi. Aikin ɗagawar shi ne samar wa tayar wurin zama.

Ribar ma rabi ce. Idan sabuwar taya ta fi tsohuwa tsayi da inci biyu, inci ɗaya kacal aksil zai tashi, domin ɗayan incin yana sama, cikin madigad.

Rubutun da ke jikin taya

Yawancin Hilux na zamani suna zuwa da taya mai lamba 265/65R17. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 172. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 17. Idan aka haɗa rim da gefe biyu, tsayin tayar ya kama milimita 776, inci 30 da rabi ke nan da 'yan kai.

Wadda aka fi komawa bayan an ɗaga mota inci biyu ita ce 285/70R17. Tsayinta milimita 831 ne, shi ya sa ake kiran ta mai inci 33. Ta fi ta asali da kashi 7 cikin 100, kuma abin da take ƙara wa aksil daga ƙasa milimita 27 ne, kimanin faɗin yatsu biyu.

Sai mai lamba 35x12.50R17, wadda aka rubuta da salon Amurka: tsayi inci 35, faɗi inci 12 da rabi. Ta fi ta asali da kusan kashi 14 cikin 100, tana ɗaga aksil da milimita 55 ko kusa da haka. Ba ta shiga ƙarƙashin Hilux sai an yanke wani ɓangare na bamba da madigad, wani lokaci har da ƙarfen da ke riƙe bodi.

Gwajin da ya dace a yi kafin a biya kuɗi ba shi da wuya. A ɗaura taya ɗaya a gaba, a murɗa sitiyari iyakarsa hagu da dama, gaba da baya, sannan a hau da ƙafa ɗaya kan tudu domin sifirin ya matse. Tayar da ba ta goga komai a garejin makanike tana iya cin madigad a cikin kwazazzabo. Wasu kan magance gugar da saka faifan ƙarfe tsakanin rim da hob don turo tayar waje, amma wannan yana ƙara wa beyarin da notuna wahala.

Abin da ake biya

Na farko shi ne ƙarfin ja. Babbar taya tamkar a bar mota a giyar da ta fi ta da tsawo ne. Da mai inci 33, ƙarfin da ke isa ƙasa yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100, da mai inci 35 kuma kusan kashi 13. Direba zai ji motar ta yi sanyi wajen tashi, ya riƙa danne kulochi a hawa, idan kuma mai giyar atomatik ce ta riƙa sauya giya tana ɗaukar zafi. Gyaran shi ne a canza haƙoran giyar aksil, misali daga 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88, kuma tilas a yi gaba da baya tare. Aiki ne mai tsada da ba kowane makanike ya iya saita shi ba.

Na biyu birki. Taya ta asali ba ta kai kilo 20 ba, mai inci 35 ta laka kuwa kan kai kilo 30 ko fiye. Birkin da kamfani ya auna wa ƙaramar taya shi ne zai tsayar da wannan nauyin da ke juyawa, kuma tsawon tayar kansa yana rage masa ƙarfi. Tazarar tsayawa takan ƙaru, kuma a inda ake haɗa hanya da shanu da babura da yara, mita biyu ko uku na iya zama rai.

Na uku agogon gudu, wanda juyin taya yake ƙirgawa. Da mai inci 33, idan ya nuna 100, motar tana kan 107. Da mai inci 35, tana kan 114. Haka ma'aunin tafiya zai riƙa rage ƙirga, sai lokacin juyen baƙin mai ya wuce mai motar bai sani ba.

Na huɗu shan mai. Nauyi ya ƙaru, iska tana ƙara dukan motar da ta tashi sama, zanen tayar yana ƙara turjiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke neman abinci da motar.

Na biyar, wanda ya fi duka haɗari, shi ne kifewa. Abin da ke hana mota kifewa a kwana shi ne faɗin tsakanin tayoyinta idan aka gwada da tsayin cibiyar nauyinta. Ɗagawar inci biyu da ƙarin inci ɗaya na taya sun tashi inci uku. A ɗora buhuna da jarkoki da fasinjoji a baya, sai kaucewar rami ɗaya da gudu ta zama abin da motar ba za ta iya ɗauka ba.

Zanen taya da irin hanya

Tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne. Mai alamar HT ta kwalta ce, ba ta ƙara, ba ta shan mai. Mai alamar MT ta laka ce, haƙoranta manya ne da wagegen fili a tsakani domin ta riƙa watsar da taɓo. Mai alamar AT tana tsakiya, kuma kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya yi suna da ita tun daga 1976.

Tayar laka ta fi ɗaukar ido, shi ya sa ta fi ruɗar mai saye. A kwalta tana gunji, tana saurin cinyewa, kuma riƙonta a jiƙaƙƙen titi bai kai na sauran ba. A rairayi kuma haƙoran nan tona suke yi, motar ta binne kanta. Wanda yawancin tafiyarsa Kano zuwa Kaduna ce, sai ɗan ratse zuwa gona, AT ta ishe shi. MT ta wanda ke kwana a fadama da damina ce.

Faɗi ma ba kullum yake zama alheri ba. Land Cruiser ƙirar 70 da suka daɗe suna ratsa Sahara, da yawansu siririyar taya mai lamba 7.50R16 ko 235/85R16 suke takawa, mai tsayin kusan inci 32. Sirrin direbobin hamada yana wajen iska. Idan aka sauke ta zuwa awo 15 ko 18 na psi, tafin tayar yana miƙewa ta tsawo, motar ta hau kan rairayi maimakon ta nutse. Siririya mai tsawo tana ba da tsayin da ake nema ba tare da nauyi da gugar mai faɗi ba, a laka mara zurfi kuma tana yankawa ta taɓo ƙasa mai tauri. Don haka ne masu zuwa daji da gaske ba sa son babban rim: rim 16 ko 17 yana barin gefen taya da tsawo, rim 20 kuwa ba ya barin abin da za a sauke.

Nauyi, iska da zafi

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 112T ko 121Q. Lamba 112 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 1,120, lamba 121 kuma kilo 1,450. Harafin T iyakar gudu ce ta kilomita 190 a awa, Q kuma 160. Girman taya ba ya nuna ƙarfinta, don haka bai kamata a sayi wadda lambar nauyinta ta gaza ta asali ba. Ga mai lodi, wadda aka rubuta LT a gabanta ita ce aka yi domin kaya, gefenta ya fi jure ƙaya da dutse, sai dai ta fi tauri kuma tana son iska fiye da ta ƙananan motoci.

Wanda ya sauke iska a rairayi dole ya mayar kafin ya hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, lanƙwasa na haifar da zafi, zafi kuma yana raba roba da wayoyin ciki. Amurka ta ga wannan a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi daga kasuwa bayan da bawonsu ya riƙa ɓarewa, akasari a motocin Ford Explorer kuma a jihohi masu zafi. Motocin masu tsayi ne, sai suka riƙa kifewa, mutane fiye da 200 suka mutu. Zafin kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu bai gaza na can ba. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska sun fi fitilun ado muhimmanci a irin wannan mota.

Tayoyi biyar, ba huɗu ba

Idan aka saka giyar ƙafa huɗu a Hilux, gaba da baya suna juyawa daidai wa daida. Taya ɗaya da ta bambanta da sauran a tsayi tana sa giyoyin su riƙa kokawa da juna. Saboda haka safaya ma sai ta zama girmansu ɗaya, kuma a tabbatar tana shiga mazauninta a ƙarƙashin mota. Akwai kuma tambayar da ake mantawa: idan biyu suka fashe a bayan gari, ina za a samu irinsu? Girman da ya zama ruwan dare ana samun sa a kusan kowace babbar kasuwa, mai inci 35 kuwa sai an aika birni.

Tsadar sababbi ce ke tura mutane wajen 'yan gwanjo. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar ta dogara da na waje. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya, amma suna nan jibge a kasuwanni. Araha dai ba ta ado. Taya tana iya zama da zane cif alhali robar ta bushe.

Ana gane shekarunta daga lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Idan an rubuta 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa.

Ina ya kamata a tsaya?

Akwai inda ƙatuwar taya ta zama dole. A ƙasar Iceland, kamfanin Arctic Trucks yana saka wa Hilux tayoyi masu inci 38 har 44 domin tafiya a kan dusar ƙanƙara, kuma irin motarsa ce 'yan shirin Top Gear na BBC suka shiga da ita yankin ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya a 2007. Amma can sake gina motar ake yi, a faɗaɗa mazaunin tayoyi, a gyara giya da sifirin su dace da sabon girman. Abin da ake gani a hoto ke nan, aikin da ke ƙarƙashi ba ya fitowa.

Ga mafi yawan masu motocin da ke bin hanyoyin karkarar Arewa, ɗagawar inci biyu da tayar AT mai inci 32 ko 33, mai lambar nauyin da ta dace da lodinsu, ita ce iyakar da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Bayan an ɗaura, a yi alaimen da balansin, a sake saita fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido, a gwada agogon gudu da taswirar wayar hannu, a kuma sake ɗaure notuna bayan tafiyar kilomita 100 ta farko. Wanda ya ga lallai sai mai inci 35, ya tanadi kuɗin giya da birki tare da na tayar, ya kuma rage gudu da lodin sama.