'Ya'yan Zogale da Masu Binciken Ruwan Sha

Babu gidan da ba a san zogale ba a ƙasar Madobi. Muna dasa shi a jikin danga, mata su tsinki ganye su yi kwaɗo ko dambu, awaki su cinye saura. Amma 'ya'yan da ke cikin kwanso, yawancinmu barinsu muke yi su bushe su zube. To, akwai masana da suka yi shekara da shekaru suna bincike a kan waɗannan 'ya'ya, har wani ya zama farfesa ta dalilinsu. Labarinsu za mu ba ku a wannan fitowa, gama ya shafi ruwan da muke zubawa a randa, ya kuma shafi yaran da muke biya wa kuɗin makaranta.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zauna da gindinsa a wannan yanki. Shinkafa da alkama da tumatir sun rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai ruwan noma daban, ruwan sha daban. Wanda ya wuni a gona ƙishirwa ta kama shi, sau da yawa daga kanal yake kamfata ya sha. Da damina kuwa Kogin Challawa da Kogin Kano sukan yi ja wur don laka, rijiyoyin da ba su da zurfi su ma su gurɓace. A gidan ruwa na birni alif suke zubawa, wanda wasu ke kira alam, domin laka ta kwanta, sa'an nan su tace su sa kulorin. Mutumin ƙauye fa, da me zai kwantar da tasa?

Ba daga jami'a amsar ta fara fitowa ba. A ƙasar Sudan, matan ƙauyukan da ke bakin Kogin Nilu sun daɗe suna daka 'ya'yan zogale su dama a ruwan kogi, su bar shi ya kwanta. Har sunan da suke kiran itacen da Larabcinsu ma'anarsa ita ce itacen tace ruwa. Wata masaniya Bajamushiya, Dakta Samia Al Azharia Jahn, wadda ta yi aiki a Sudan, ba ta raina abin nan ba. Ta bi ƙauyuka tana tambayar mata yadda suke yi, ta kawo 'ya'yan ɗakin gwaji ta auna. A 1979 ita da wani masani ɗan Sudan, Hamid Dirar, suka buga sakamakon bincikensu. A 1981 da 1986 kuma hukumar Jamus ta taimakon raya ƙasashe, watau GTZ, ta buga mata littattafai biyu a kan hanyoyin tace ruwa na gargajiya. Mu dai a ganinmu babban abin da wannan mata ta yi shi ne zama da ta yi ta saurari matan ƙauye kafin ta ɗauki alƙalami. Ba kowane mai digiri ke da wannan haƙuri ba.

Daga nan magana ta iso Kano. A 1990 wani ɗalibin ajin ƙarshe a sashen injiniya na Jami'ar Bayero ya ɗebo ruwa daga wurare huɗu, biyu ruwan sarari, biyu rijiyoyi marasa zurfi, ya gwada su da garin 'ya'yan zogale. Ya ga dagwalon ruwan ya ragu da kashi 92 zuwa 99 cikin ɗari. Ya kuma lura da wani abu da ba shi ya je nema ba: ruwan rijiya mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, ya yi sauƙi.

Wanda ya riƙe wannan bincike ya mai da shi aikin rayuwarsa shi ne Suleyman Aremu Muyibi, malami a Jami'ar Bayero a lokacin. Tare da C. A. Okuofu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gwada zogale a ruwan Challawa da na wasu madatsun Jihar Kano. Ya tafi Jami'ar Newcastle a Ingila ya yi digirin dakta, inda shi da Lilian Evison suka buga bincike biyu a 1995, ɗaya a kan kwantar da laka, ɗaya a kan sauƙaƙa ruwa mai nauyi. Daga baya ya koma ƙasar Maleshiya da koyarwa, ya zama farfesa a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke can, yana ci gaba da binciken zogale tare da ɗalibansa. Abin yana da daɗin ji, yana kuma da ciwo. Ruwan Challawa aka fara gwadawa, amma ɗaliban wata ƙasa suka mori malamin.

Kada ku ɗauka aikin irin waɗannan mutane zama ne a ofis mai sanyi. Yawancinsa maimaici ne mai gajiyarwa. A jera kwalabe shida, a cika su da ruwa iri ɗaya, a zuba wa kowace garin zogale gwargwado daban, a juya da sauri, a juya a hankali, a jira, a auna, a rubuta. Gobe a sāke da ruwan wata rijiya. Kamar dai yadda muke yanka fili kashi kashi mu gwada taki, mu ga wanda ya fi karɓar ƙasa. Ta haka aka gane cewa zogale ya fi aiki a ruwa mai laka sosai, ƙarfinsa kuwa yana raguwa a ruwan da dagwalonsa kaɗan ne.

Me ke cikin ɗan zogale da ke yin wannan aiki? A 1995 masana a Kanada da Jamus suka nuna cewa wani furotin ne mai narkewa a ruwa. Ƙananan ƙwayoyin laka duk ƙarfin lantarki iri ɗaya suke ɗauke da shi, saboda haka suna ture juna, ba sa haɗuwa balle su nutse. Furotin na zogale yana ɗauke da kishiyar wannan ƙarfi. Da ya shiga sai ya jawo su kamar maganaɗisu, su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Leicester ta Ingila sun gwada shi a madadin alif a gidan ruwa na garin Thyolo a ƙasar Malawi, ruwa kuwa ya fito garau. An kuma gane cewa ko an matse man da ke cikin 'ya'yan, tunkuzar da ta rage tana yin aikin.

Ga yadda ake yi a gida. A samo kwanson da ya bushe a kan itace, a fasa, a ɓare baƙin ɓawo a ɗauki farar ƙwaya. A daka a turmi mai tsabta, a tankaɗe. Ruwa mai laka sosai, ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya. In lakar ba ta da yawa a rage. A dama garin da ruwa mai tsabta a kwalba, a girgiza sosai, a tace da ƙyalle a cikin bokitin. A juya da sauri kamar minti biyu, sa'an nan a hankali kamar minti goma. A rufe, kada a taɓa har awa ɗaya ko biyu. A tsiyaye na sama a hankali.

A nan sai a yi hattara, 'yan'uwa. Masu binciken nan da kansu sun faɗi iyakar abin. Wani gwaji da aka buga a 1987 da ruwan Nilu ya nuna ƙwayoyin cuta suna raguwa ƙwarai a awa biyun farko, domin suna bin laka su kwanta, amma in ruwan ya kwana wasunsu sukan sāke yaɗuwa. Watau ruwan zogale ba na ajiya ba ne, kuma haskensa ba shaidar lafiyarsa ba ce. A tafasa shi ko a sa kulorin, tun ba na yara ba, tun ba lokacin amai da gudawa ba, irin wanda ya addabi Kano a 2021. Zogale ba zai hana tsargiya kama mai shiga kanal ba, gama ta fata take shiga. Kada kuma a dogara gare shi wajen ruwan da maganin feshi ko takin zamani ya gangara a ciki, ko ruwan da ya fito daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, inda ake jima da sinadarin kuromiyam a maimakon bagaruwar da majema suka gāda. Irin wannan guba ba lalle ne ido ya kama ta ba. Dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 sai da aka auna jini da ƙasa aka gane ta.

Wannan awo shi ne aikin mai ilimin sinadaran muhalli, kuma masu yinsa ba su ishe mu ba. Yaro ko yarinya da ke son bin wannan hanya sai ya riƙe lissafi da kemistiri da fiziks da bayoloji da Turanci tun daga sakandare. Jihar Kano tana da makarantun kimiyya, irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977. Digirin farko na kemistiri shekara huɗu ne, na injiniya biyar, a Bayero ko Zariya ko jami'ar kimiyya ta Wudil. Akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Mai son zama malamin jami'a zai ƙara digiri na biyu da na dakta. In aka haɗa da bautar ƙasa, shekara goma ke nan ko fiye, ban da yajin aiki, irin na 2022 da ya ci wata takwas. Ba hanya ce ta samun kuɗi da wuri ba, kada mu ruɗi iyaye. Amma ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗi ta sayi injin ban ruwa tana iya ɗaukar nauyin yarinya ɗaya mai ƙwaƙwalwa, wadda ta san wace rijiya ce ke canja ɗanɗano bayan an yi feshi.

Kafin nan, da rani kwanson zogale ke bushewa, da damina kuma ake bukatarsa. Kowace ƙungiya ta ware itatuwa kaɗan da ba za a riƙa sassabe su don ganye ba, a bar su su yi 'ya'ya. A adana su da ɓawonsu a inuwa, wurin da ba laima, a daka na yini ɗaya kawai.