Dashen Itace a Makaranta: Biki Ake Yi Ko Aiki?

Duk damina abu ɗaya muke gani. A kafa rumfa, a jera ɗalibai a rana, babban baƙo ya durƙusa ya dasa ɗan mangwaro, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ka koma wurin a watan Afrilu, ramuka kawai za ka tarar da guntayen baƙar leda. Baɗi a sake. Wallahi abin ya isa haka.

Abin da ya kamata dashen nan ya haifar shi ne kurmin karatu, wato fili a makaranta da aka raya da itatuwa, inda malami zai fita da yara su taɓa abin da ake zana musu a allo. Yaron da ya ga gawo ya zubar da ganye da damina, ya sake yin kore shar da rani, ba zai manta darasin ba.

Kuskuren da ke kashe mana dashe shi ne zaton cewa da an binne tsiro an gama, sauran na ruwan sama ne. Wane ruwan? A Kano ko Katsina damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Daga kaka har bazara tsiron nan a hannun mutum yake, kuma lokacin ne ake sakin awaki, ba wani kore a gari sai shi. Hutun Afrilu kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar zafi, makaranta ba kowa. Mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoma suka kama sassaben zamani: kututturen da ya yi toho a gona ba a tumɓuke shi, a rage tohon, a bar masu ƙarfi, a tsare su. An ƙiyasta cewa ta haka aka raya itatuwa kusan miliyan 200 a kadada miliyan 5 a Nijar. Ba rumfa, ba jawabi, kulawa ce kawai ta yau da gobe.

To wa zai kula? Nan ne kwamiti ya shigo, nan ne kuma muke sake ɓata rawarmu. Sai a cika takarda da sunayen alhazai da 'yan siyasa waɗanda ba su san ina rijiyar makarantar take ba. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Mutum bakwai sun isa, a ƙarƙashin kwamitin kula da makaranta (SBMC) da ake da shi. A fara da maigadi, don shi ke kwana a wurin. A sa malamin aikin gona, da wakilin mai unguwa, da ɗalibai biyu, mace da namiji. Sannan a nemi mata biyu daga gidajen da ke jikin makarantar, musamman masu awakin. Wadda aka ba amanar itace ita za ta fara ɗaure akuyarta.

Kada kwamiti ya karɓi tsiro ko ɗaya kafin shinge ya tsaya, ko da na ƙaya ne. A lissafa jarka nawa za a iya ɗebowa a mako, a dasa daidai ƙarfin ruwan. Talatin da suka rayu sun fi ɗari biyar da suka bushe. A haɗa darbejiya don inuwa da namu na gida: tsamiya, kanya, magarya, aduwa, kuka. Kowane aji da layinsa. A rubuta jadawalin ban-ruwa na hutu kafin a rufe makaranta, da sunan wanda zai riƙe mabuɗi. Da kaka a share ciyawa saboda gobara da macizai. A kuma yanke tun yanzu wa zai ci 'ya'yan itacen, wa zai kwashi reshen da aka sassabe, domin a nan rigima take tashi. Komai ya shiga littafi, kuɗi da ƙidayar itatuwa, saboda ana yi wa hedimasta canjin wurin aiki.

Akwai gara, akwai masu cin iyakar fili, amma waɗannan da sauƙi in akwai mai sa ido.

Iyaye, bana in an aiko muku da takardar gayyatar bikin dashe, ku tambayi hedimasta sunan wanda zai ba itatuwan ruwa a watan Afrilu. In babu amsa, a ɗage bikin.