Maiƙon da Aka Zuba a Rariya Ba Ya Ɓacewa

Mako guda bayan Babbar Sallah, lungunan Anka da Gummi da Bukkuyum kan ɗauki wani ɗoyi da kowa ya sani. An gama suyar naman layya, an tsiyaye kakide a kwano, an wanke manyan tukwane da kaskon suya, ruwan wanke-wanken kuma ya bi rariya ya fita. Da fari yana gudu, daga baya ya soma jan ƙafa, rannan sai a wayi gari ya tsaya cik ya dawo tsakar gida. Abin da ake yi daga nan sananne ne: uwargida ta tafasa ruwa ta kwarara, in bai yi ba ta ƙara da omo, in ya ƙi a aiki yaro kasuwa ya sayo sodar sabulu. Duk dabarun nan sun ginu a kan zato guda, wai maiƙo abu ne da ake narkarwa ya ɓace. Alhali matsawa kawai yake yi gaba, ya sake daskarewa inda hannu ba ya kaiwa, ko kuma a ƙofar gidan maƙwabci. Toshewar maiƙo ba ta da magani na gaskiya sai a ciro shi, sannan a daina zuba shi.

Dalilin yana cikin halittar kitsen kansa. Kitsen saniya da na rago ba sa narkewa sosai sai zafi ya haura digiri 40, ga shi zafin jikin mutum 37 ne, shi ya sa romon da ya huce yake liƙe wa mutum a ganɗa. Manja da man shanu suna narkewa a wajen digiri 35 ko ƙasa da haka kaɗan. To ruwan da aka sauke daga murhu, da zarar ya shiga bututu mai sanyi ko ya bi kan siminti, cikin 'yan taku kaɗan ya huce. Maiƙon da ya ɗauko sai ya taso sama, tunda ya fi ruwa sauƙin nauyi kuma ba ya gauraya da shi, ya manne a jikin bututu, musamman a gwiwa da wurin da gangara ta yi ƙaranci. Gobe wani ya hau kansa. A lokacin hunturu, da dare kan sauka ƙasa da digiri 20 a wannan yanki, abin ya fi sauri. Omo ma ba ya kashe mai. Yana farfasa shi ne ƙanana ya riƙe cikin ruwa na ɗan lokaci, idan ruwa ya yi yawa kumfa ta mutu sai ya sake shi.

Wani zai ce ai girkinmu na yau da kullum da man gyaɗa ake yi, shi kuwa ko a tsakiyar sanyi ba ya daskarewa, kuma zafin bazara a Zamfara ya isa ya narkar da kowane kitse. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta bar abu biyu. Na farko, rana ba ta dukan bututun da ke binne, kuma man da bai daskare ba yana da danƙo: shi ke kama yashin da aka goge tukunya da shi, da ƙwayar shinkafa, da ƙanzo, da gashi da zaren buhu, har su dunƙule. Na biyun ya fi muhimmanci. Man da aka soya aka sake soyawa, irin na ƙosai da awara da masa, yana farfashewa ya saki wani sinadari mai tsami. Idan wannan ya haɗu da sinadarin kalsiyam da ke cikin siminti da cikin ruwa, sai su zama wani irin sabulu mai tauri, fari-fari, wanda ba ya kumfa kuma ruwan zafi ba ya narkar da shi. Wanda ya taɓa fasa tsohuwar rariya ya ga wannan ɓawon a gefenta, sai an sa ƙarfe an kankare. Babban misalinsa shi ne abin da ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water suka tarar a ƙarƙashin unguwar Whitechapel a Landan a 2017: dunƙulen maiƙo da tsummokara mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250. Sai da suka yi mako tara suna sararsa da shebur da ruwa mai ƙarfin feshi, har gidan tarihin birnin ya ajiye wani gutsure don mutane su gani. Da ruwan zafi ko magani na yi, da kamfani mai kuɗi irin wannan bai tura mutane cikin rami da shebur ba.

Za a iya cewa Landan daban, Bukkuyum daban, tunda mu ba mu da manyan hanyoyin ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. Haka ne, kuma shi ya sa abin ya fi shafar mu kai tsaye. A can maiƙo kan yi tafiya ya zama matsalar kamfani. A nan iyakarsa sokawe a bayan ɗaki, ko lambatun ƙofar gida, ko gindin katanga. Aikin sokawe shi ne ƙasa ta tsotse ruwa, maiƙo kuwa yana toshe ƙofofin ƙasar, sai ramin da ya kamata ya yi shekaru ya cika tun ba a je ko'ina ba, a yi ta zargin magini. A gidan ƙasa ɓarnar ta fi haka. Ruwan da ya kwanta a bakin rariya yana jiƙa tushen katanga kullum, ya ci ta daga ƙasa, damina na zuwa ta same ta a raunane. Ga ƙuda da kyankyaso da ɓera, ga sauron da ke ƙyanƙyasa a ruwan dagwalo. Maiƙo ba ya haddasa kwalara, ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, amma ƙazamin ruwan da ya rasa hanya ya kwanta kusa da rijiya, inda yara ke wasa, yana cikin hanyoyin da take bi. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Zamfara kuma na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Garin da ya cika da 'yan gudun hijira kamar Anka, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyalai da yawa, rariya guda ce ke karɓar wanke-wanken kowa.

Idan ta riga ta toshe, aikin na hannu ne. A fara dakatar da zuba ruwa, a kwashe wanda ya kwanta da gwangwani a kai shi nesa da rijiya. Buɗaɗɗiyar rariya ta siminti ba ta da wuya: a sa safar hannu ko a ɗaura leda, a kankare da ƙaramar fartanya ko cokalin magina, a tara abin da aka ciro a tsohon buhu. A gidan da ke da wurin wanke-wanke na zamani, akwai wata lanƙwasa a bututun da ke ƙarƙashinsa wadda ruwa ke zama a ciki don tare wari. Yawanci a nan dunƙulen yake. A ajiye bokiti a ƙasa, a kwance ta da hannu, a zazzage, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a mayar. In toshewar ta fi nan nisa, a zura waya mai ɗan ƙugiya a baki ko tiyo mai ƙarfi, kuma in da hali a zura daga bakin waje, domin a jawo dattin maimakon a cusa shi ciki. Sai bayan ruwa ya samu hanya ne ruwan zafi ke da amfani, don ya wanke ragowar. Ko a nan ma, farin bututun roba da aka fi sawa a gidajenmu ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kan lanƙwasa shi ya saki gam ɗin mahaɗa. A bar ruwan ya ɗan sha iska tukuna. In duk an yi bai buɗe ba, ko kuma yana toshewa a wuri guda kullum, a kira mai gyaran famfo ya duba gangara. Ana son bututu ya sauka kamar santimita 2 a kowace mita guda.

Batun soda yana bukatar tsayawa, domin mata masu haɗa sabulu sun san tana cin mai, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma me take mai da shi? Sabulu. A ɗan ƙaramin maiƙo da ruwa ke wucewa ta kansa, tana iya taimakawa. A bututun da ya toshe gaba ɗaya kuwa, sai ta kwanta a wuri guda ta yi zafi, ta iya lalata robar, wani lokaci ta bar dunƙulen da ya fi na da tauri. Sannan duk wanda ya zo kwance bututun daga baya, ruwan soda ne zai zubo masa, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. Haka ma, haɗa ruwan bilic irin Hypo da duk wani abu mai tsami yana tayar da iskar kulorin mai sarƙe numfashi, a ɗan ƙuntataccen banɗaki kuwa wannan ba wasa ba ne. Mafi muni shi ne shawarar zuba ruwan tsohon batir. Yana cin siminti, kuma yana ɗauke da dalma. Mutanen Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma ba sa bukatar a yi musu bayanin dalma: a 2010 gubarta, daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka sauya wata. Ba daidai ba ne a sake shigar da ita tsakar gida saboda rariya.

Rigakafin kuwa ba sabon abu ba ne, iyayenmu mata sun daɗe suna yi. Kafin tukunya ta ga ruwa, a bar ta ta huce, a kwashe kitsen, a goge cikinta da dusa ko toka. Dusar da ta sha ɗan maiƙo ta tafi wurin kaji, tokar ta tafi juji. Man suyar da ya yi baƙi a tara shi a gwangwani, yana hura itace, yana kuma shiga sabulun wanki. A bakin rariya a sa ɗan ragar waya. Masu abincin sayarwa da mahauta da gidajen da ake matsar ƙuli-ƙuli, waɗanda maiƙonsu na yini guda ya fi na wani gida a wata, su ya kamata su gina tarkon mai: ɗan rami na siminti mai murfi, ko babban bokitin roba, ruwa ya shigo ta sama, mafitarsa kuma a sa mata gwiwa mai kallon ƙasa yadda za ta ɗebi ruwa daga ciki. Mai ya taso ya tsaya, yashi ya kwanta, a yaɗe duk mako. Kuɗinsa bai kai na haƙa sabon sokawe ba.

Saura masu cewa leda da yashi ne ke toshe magudanun gari, kuma yashe su aikin ƙaramar hukuma ne. Ba a musu. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024, ta rushe gidaje ta raba dubban mutane da muhallinsu, babu mai hankalin da zai ɗora ta a kan kaskon suya. Hukuma na da nata alhakin na gina kwalbatoci da yashe su kafin damina, da dawo da duba-gari bakin aiki yadda aka san su a da, suna shiga gida-gida. Sai dai ledar da ke busasshen lambatu iska ma na iya ɗauke ta, wadda ta kwanta cikin maiƙo kuwa ta zauna ke nan, yashi ya taru a bayanta. Kuma babu shugaban ƙaramar hukumar da zai shigo madafa ya goge tukunya. Saboda haka, maigida da uwargida, kafin layya ta gaba a tanadi gwangwanin zuba kitse da kwanon toka kusa da wurin wanke-wanke, a kuma gaya wa yaran da ke wanke kwanuka abin da za su yi da su.