Tiyatar Gyaran Ciki da Maganin Rage Zubar Jini

'Yar'uwa, idan haihuwa ta saki fatar cikinki har kina tunanin zuwa a ɗame miki shi, ki sani aikin ba ƙarami ba ne. Likita zai yanka mara daga ƙugu zuwa ƙugu, ya ɗinke naman ciki, ya cire fatar da ta yi yawa. Duk inda wuƙa ta bi kuwa, jini zai fita.

Akwai allurar da ke rage wannan zubar, ana kiranta taranezamik asid. Idan jijiya ta yanke, jini kan daskare ya toshe wurin, amma jiki yana da sinadarin da ke narkar da wannan toshiya. Aikin allurar shi ne hana narkewar da wuri. Ba ta ƙara jini, tsare wanda kike da shi take yi.

Mu ungozomomi a ɗakin haihuwa muka fi saninta. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta ne suka gano ta a 1962. A 2017 wani bincike kan mata dubu 20 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, idan an ba da ita cikin awa 3. Yanzu likitocin gyaran jiki ma suna amfani da ita.

Sai dai ba kowa ta dace da ita ba. Tiyatar gyaran ciki tana cikin ayyukan da ke jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu ya yi kisa. Idan kin taɓa samun wannan, ko kina da farfaɗiya ko ciwon ƙoda, ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ki faɗa wa likita kafin a sa rana. Kada ki ɓoye asfirin da maganin gargajiya, domin wasunsu suna tsinka jini.

Ko da kemis na Television ko Sabon Tasha yana sayar da ita, kada ki saya ki kai a yi miki a gida. A auna jininki tukuna, in ya yi ƙasa a gyara. Ki kuma tambaya ko asibitin yana da bankin jini. In kina son ƙara haihuwa, shawarata ki dakata, domin sabon ciki zai iya sake buɗe abin da aka ɗinke.