Teburin injin kwarzana a ƙaramin shagon kafinta: a ina ya kamata kuɗin su tafi?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ta birnin Yamai, ko ya bi layin kafintoci a Maraɗi da Damagaram, zai lura cewa idon mai saye ya buɗe a ƴan shekarun nan. Uwar amarya ta yanzu ba ta tsayawa ga ƙarfin gado da kabad kaɗai, sai ta shafa gefen katako ta ji ko ya yi sumul, ta dubi ƙofar kabad ta ga ko an fitar mata da ado, kafin a fara maganar kuɗi. Wannan ado kuwa aikin wani inji ne da Faransawa ke kira défonceuse, Turawan Ingila kuma ke kira rauta, mu kuwa a nan za mu kira shi injin kwarzana, saboda aikinsa ke nan: ya kwarzani katako da wani haƙorin ƙarfe mai juyi da sauri, ya fitar da kwari, ko kafaɗa, ko lanƙwasa a gefen allo.

Mafi yawan ƙananan kafintocinmu, idan aikin ado ya kama su, sai su ɗora katako a amalanke su kai wa masu babban injin nan da ake ce wa tupi, su bi layi, su biya kuɗin yanka, su biya kuɗin dako, wani lokacin ma yini ya tafi a banza. Shi ya sa da yawa ke burin mallakar nasu injin kwarzana su ɗaura shi a tebur. Dalili kuwa shi ne, riƙe injin a hannu yana yi idan allon babba ne, amma siririn katako na firam ko na gefen ƙofa ba ya ba da wurin da injin zai zauna. A nan sai a kifa injin a ƙarƙashin tebur, haƙorin ya leƙo sama, a riƙa tura katakon yana wucewa ta gabansa. To, ga kafintan da ya daɗe yana tara ƴan jikkunansa, tambayar ita ce: me zai saya, me zai ƙera da kansa? Amsarmu a taƙaice ita ce, a zuba kuɗin a inji da haƙora da makunni, tebur kuwa kafinta ya haɗa abinsa.

Injin da kansa

Injinan kwarzana sun kasu kashi uku ta fuskar ƙarfi. Akwai ƙanana masu wat 500 zuwa 750, waɗanda aka yi domin gyaran gefen fomika da ƙaramin ado. Akwai matsakaita masu wat 1,200 zuwa 1,600. Sannan akwai manya masu wat 1,800 zuwa 2,400. Ƙaramin ba na tebur ba ne, don kuwa in aka matsa masa da jan katako yini guda sai ya yi zafi ya ƙone. Matsakaicin ya ishi mai aikin gado da kabad da firam. Wanda kuwa yake son fitar da allunan ƙofa masu tudu a tsakiya, waɗanda ke bukatar faffaɗan haƙori, to babban zai nema.

Abu na biyu, wanda ake yawan mantawa da shi a wurin ciniki, shi ne a tabbatar injin yana da abin rage gudu. Wasu injinan gudu ɗaya gare su, juyi 22,000 ko fiye a minti guda. Wannan gudu ba laifi ga haƙori mai faɗin milimita 25, amma haƙori mai faɗin milimita 80 idan ya yi juyi 22,000 a minti, bakinsa na tafiya da gudun da ya wuce kilomita 330 a awa. In ya ɓalle a wannan hali, sai dai a ce Allah ya kiyaye. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin haƙori gwargwadon rage gudu: mai milimita 50 a sauko da shi wajen juyi 16,000 zuwa 18,000, mai milimita 80 kuwa kada ya wuce 10,000 zuwa 12,000, kuma kullum a duba iyakar da aka rubuta a jikin haƙorin ko a kwalinsa.

Maganar wuta

Wutar ƙasarmu ta bolt 220 ce, kusan daidai da ta Najeriya da ƙasashen Turai. Injinan gwanjo da ke fitowa daga Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, duk wanda ya sa su kai tsaye a soket ya yi asarar kuɗinsa nan take. Ana iya amfani da su da taransifoma, amma sai mai ƙarfin da ya ɗara na injin, kuma kuɗinta kan cinye sauƙin da aka samu. Saboda haka a karanta ɗan allon bayanin da ke jikin inji kafin a miƙa kuɗi.

Bugu da ƙari, ba mu manta da abin da ya faru a watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Masu sana'a da yawa a lokacin ne suka gane cewa injin da janareta ba zai iya tayarwa ba, ado ne kawai a shago. Injin kwarzana yana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin tashi, saboda haka mai wat 2,000 yana son janareta mai wat 3,000 ko fiye. Akwai injinan da aka yi su suna tashi a hankali, waɗannan sun fi yi wa janareta sauƙi, kuma ba sa girgiza tebur. Haka nan a tambaya ko ana samun gawayin injin da boris ɗinsa a kasuwar garin, don su ne ke fara cinyewa. Injin da ba a samun kayan gyaransa, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan.

Mariƙi da haƙora

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman, mu da kaya ke shigo mana ta ko'ina. Ƙotar haƙori tana shiga cikin wani ɗan mariƙin ƙarfe da ake matsewa da noti. Kayan da aka yi wa kasuwar Faransa da Jamus awonsu milimita 6 ne, ko 8, ko 12. Na Ingila da Amurka kuwa awon inci ne, wato milimita 6.35 da 12.7. A ido duk ɗaya suke, alhali kuwa ƙota mai milimita 12 a cikin mariƙi mai 12.7 ba ta kamuwa da kyau ko da an matse noti har ƙarshe, tana iya zamewa ana cikin aiki. Kafin a sayi inji a fara zagaya kasuwa a ga wane awon haƙora ne ya fi yawa, sannan a sayi injin da ya dace da su.

Ga aikin tebur, babbar ƙota ta fi, domin ƙarfen da ke cikin mai milimita 12 ya ninka na mai milimita 6 sau huɗu, ba ta rawa, ba ta saurin karyewa. Kuma maimakon akwatin haƙora talatin masu arha waɗanda rabinsu ba za a taɓa ɗaurawa ba, gara a sayi huɗu ko biyar nagari: miƙaƙƙe na fitar da kwari, na zagaye gefe, na kafaɗa, da ɗaya ko biyu na ado. Idan za a ɗaura haƙori, a tura ƙotar har ƙasa, a jawo ta baya kamar milimita 2 ko 3, sannan a matse.

Teburin da allon jagora

Tebur na kanti da ake shigowa da shi daga waje yana da kyau a ido, sai dai mai arha sirara ne ƙafafunsa, mai kyau kuwa tsadarsa kan kai ta injin ko ta wuce. Abin da ake bukata ga tebur abu biyu ne kawai: samansa ya shimfiɗu daidai, kuma kada ya motsa. Wannan kuwa bai fi ƙarfin kafinta ba. Faɗin santimita 60 da tsawon 80 ya isa, tsayi daga ƙasa kuma santimita 85 zuwa 90, gwargwadon tsawon mai aikin.

Kada a yi saman da tsagar katako, don katakon da ke zo mana daga ƙasashen bakin teku da danshinsa yake zuwa, iskar hunturu na busar da shi sai ya karkace. Allon nan na garin katako da ake kira MDF yana da santsi, amma ruwa na taɓa shi sai ya kumbura. Abin da ya fi shi ne a manne filawud biyu masu kaurin milimita 18, a liƙa fomika sama da ƙasa, a kuma kafa sanduna biyu a ƙarƙashi kusa da injin, saboda babban inji ya kai kilo 6, kuma dare da rana yana rataye, a hankali zai lotsa tsakiyar tebur. A riƙa ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai ana dubawa, in aka ga haske na wucewa ta tsakiya, to kwarin da za a fitar ba zai zo da zurfi ɗaya ba.

A tsakiya ake fafe gurbin faranti na alminiyam mai kaurin milimita 6 zuwa 8, a jikinsa ake ɗaura injin, ta yadda za a iya ɗago su tare in za a sauya haƙori. Farantin ya zauna daidai da saman tebur, kada ya yi tudu, kada ya nutse. Shi kuwa allon jagora, wanda katako ke bi yana wucewa, ya zama miƙaƙƙe, a tsaye cak, tsayin santimita 10 zuwa 15, da ɗan gurbi a tsakiya inda haƙori zai ɓuya. Maƙalai biyu na ƙarfe sun isa su riƙe shi. Ƙasan tebur kuma a bar shi a buɗe, don a watannin Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu kan wuce digiri 40, injin da aka rufe a akwati ba zai sha iska ba.

Yatsun yaran shago

A nan ne maganar ta fi nauyi. A shagunanmu, sau da yawa yaron da iyayensa suka damƙa wa maigida amana shi ne ke tsayawa a gaban inji. Idan an kifa inji a tebur, makunninsa na komawa ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa da sauri. Wajibi ne a sa wani makunni a gaban tebur, irin mai jan maɓalli wanda ke kashe kansa idan an ɗauke wuta. A ƙasar da wuta ke tafiya ta dawo ba sallama, injin da aka bari a kunne zai tashi da kansa, wataƙila a daidai lokacin da yaro ke share garin katako daga bakin haƙori.

Sannan a koya wa kowa cewa daga dama zuwa hagu ake tura katako. In aka turo daga hagu, haƙorin zai fizge katakon ya harba shi, ya jawo hannu zuwa kansa. Kada a taɓa bi da katako ta tsakanin haƙori da allon jagora. Kada a ci fiye da milimita 3 zuwa 5 a wucewa ɗaya, gara a maimaita sau uku. Guntun katako da sandar turawa ake tura shi, a kuma yanka wani allo mai kama da mataji a maƙala shi ya riƙa danne katakon. Duk waɗannan da ragowar katakon shago ake yin su, ba sa cin ko dala. Kuma kafin a sauya haƙori a zare waya daga soket, a naɗe hannun riga.

Akwai kuma cutar da ba ta nuna kanta da wuri. Tun shekarar 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanci, ƙurar iroko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙarar injin ma ta wuce abin da kunne ke iya jurewa yini guda. Saboda haka takunkumin hanci da tabarau da abin toshe kunne su shiga lissafin kuɗin inji tun farko, a kuma ajiye teburin ta bakin ƙofa inda iska ke ratsawa.

A ƙarshe, muna tunatar da ƴan'uwa kafintoci cewa wannan tebur ba zai maye gurbin tupi ba ga mai kwangilar ƙofofi masu yawa, shi sai babban inji. Amma ga ƙaramin shago mai aikin gado da kabad da firam, inji matsakaici mai abin rage gudu, da haƙora biyar nagari, da makunni mai kashe kansa, da teburin da maigida ya haɗa da hannunsa, sun isa su raba shi da bin layi. Hausawa na cewa arha ba ta ado. In har kuɗin ba su kai ba, a yi tsimi a wurin tebur, a jinkirta haƙoran ado zuwa wata kaka, amma kada a taɓa yin tsimi a wurin makunni, domin allon da ya lalace ana sake yanka wani, yatsan yaro kuwa ba ya sake tsirowa.