Imel mai sunan kasuwancinka: wa ke riƙe da makullin?

Idan kana neman gurbin karatu ko aiki ta waya, ka san irin saƙon nan: "Muna taya ka murna, an ɗauke ka, tura kuɗin fom." To kafin ka yi tsalle, taɓa sunan wanda ya aiko, ka duba abin da ya biyo bayan alamar @. Wannan ɓangaren shi ake kira domen, wato sunan gidan da wasiƙar ta fito. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng. An keɓe .gov.ng ga gwamnati, .edu.ng ga manyan makarantu, amma .com.ng kowa na iya yanka. Saboda haka "jami'ar" da ke rubuto maka daga Gmail tana neman kuɗi, ai ka san sauran.

Maganar ta shafe mu sosai a wannan yanki. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Matasa suna fitowa da ilimin kwamfuta, kuma su ne masu makarantu da 'yan kasuwa, har daga Roni da Gwiwa, ke kira su buɗe musu shafi da imel. Idan kai ne, ko kai ne mai ba da aikin, ga yadda abin yake.

Ba kowane domen ne ke da tasa kwamfutar ba. Babbar kwamfuta ɗaya, wadda ake ce wa saba, tana iya ɗaukar domen masu yawa, kamar gidan haya: gini ɗaya, kowa da ɗakinsa da lambarsa. Shi ya sa a manhajar buɗe imel ta burauza irin su Roundcube, wadda ke zuwa da cPanel, sai ka rubuta cikakken adireshi kafin ka shiga. Musa na makaranta daban, Musa na shagon taki daban, alhali a gida ɗaya suke kwana.

Abu na farko, da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin? Idan yaron da ya haɗa maka ya sa sunansa da lambarsa, to a takarda shi ne mai gida, kai ɗan haya. Ranar da kuka saɓa, wasiƙun kwastomominka suna hannunsa. Kuma fa domen haya ce, galibi shekara-shekara ake sabuntawa. Idan ta ƙare wani ya yanka, duk saƙon da aka aiko wa adireshinka shi zai karɓa, har da na canza kalmar sirrin Facebook ɗinka idan da shi ka buɗe.

Na biyu, idan kai ne mai kula da saba, kada ka ba kowa babban makulli. Kowane domen a ba shi nasa mai kula, wanda ikonsa bai wuce ɗakinsa ba. Ma'aikacin da ya bar aiki, a rufe akwatinsa ran nan, ba sai an jima ba.

Na uku, ɗaure shafin shiga da sabarka kaɗai. A Roundcube, idan ka bar gurbin sunan saba babu komai, sai ya fito da akwati inda duk wanda ya zo zai rubuta sabar da ya ga dama. Ka ga ƙofarka ta zama hanyar da baƙo zai bi ya riƙa gwada kalmomin sirri a gidan wasu, kuma sawunka za a gani.

Na huɗu, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tunda duk 'yan hayar da lambar intanet ɗaya suke aika wasiƙa, idan aka sace akwatin mutum ɗaya aka shiga watsa saƙonnin damfara, za a iya sa lambar a baƙin littafi, wasiƙun kowa su koma kwandon shara. Ka taƙaita yawan saƙon da akwati ɗaya zai iya fitarwa a awa. Ka kuma saita SPF da DKIM ga kowane domen: na farko yana faɗin sabar da aka yarda ta aika da sunanka, na biyu sa hannu ne da ke tabbatar da ba a taɓa saƙon a hanya ba. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara kan wannan, wasiƙar da ba ta da shaida takan sha wuya kafin ta isa.

Yau ɗin nan, kira wanda ya buɗe maka imel, ka tambaye shi sunan da ke kan rajistar da ranar da za ta ƙare. Idan ya fara kame-kame, kada ka kwana ba ku daidaita ba.